Tsargiya a Bakin Tur'a: Littafin Aikina na Shekarar Ƙarshe

Asabar, 10 ga Satumba, 2022

Sashenmu ya amince da batun aikina na kammala digiri: tsargiya a bakin tur'a, wato magudanar ruwan ban gona, da yadda za a nuna wa mutanen kambo, wato zangon leburorin gona, hanyar da take bi har ta shiga jikin ɗan Adam. Yawancin 'yan ajinmu sun zaɓi gwajin ƙasa ko na ruwan famfo, irin aikin da ake farawa a ɗakin gwaji a ƙare a can. Ni na nemi rabin nawa ya zama a bakin ruwa, rabi a tsakar gidajen mutane. Diktorar da ke duba aikin ta yarda bisa sharaɗi biyu. Ba zan taɓa ruwan tur'a ba sai da safar hannu da dogon takalmin roba, kuma ba zan ba kowa magani ko in ce masa yana da cuta ba, tunda kimiyyar muhalli nake karantawa, ba likitanci ba.

Kambon da na zaɓa yana kudancin Jazira, yankin noman ban ruwa a ƙasar Sudan, tsakanin Madani da Sinnar, can goggona take aure. Mu 'yan Mai Wurno ne, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin kogin Bahar Azrak tare da mutanen da suka ci gaba da hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Ga 'yan'uwa na Najeriya da Nijar da ba su san ƙasar nan ba: Turawan Ingila sun gama madatsar Sinnar a 1925 saboda noman auduga. Ruwa na gangarowa da kansa ba tare da inji ba, daga babbar tur'a zuwa ƙanana, daga nan ya shiga 'yar magudanar da ake kira abu ishirin, sai wadda ta fi ta ƙanƙanta, abu sitta, sai cikin hawasha, wato gonar manomi. Da aka ƙara ɓangaren Manakil, filin ya kai kimanin faddan miliyan 2.1 (faddan ɗaya ya ɗan fi eka guda). Kambo kuwa zangon leburorin gona ne, ɗakunan laka da bukkoki a gefen tur'a. Hausawa, Barebari, Fulani da mutanen Darfur ne a ciki, da yawansu a nan aka haife su aka haifi iyayensu, da hannunsu ake cire audugar Jazira, amma har yau kambo da yawa ba su da famfo ko ɗaya. Tur'ar ita ce rijiyarsu, ita ce wurin wanka, wanki, alwala da shayar da dabba.

Asabar, 1 ga Oktoba

Kafin in sa rariya a ruwa sai da mijin goggo ya kai ni na gaida shehun kambo da liman. Shehu ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "'Yata, masu takarda sun sha zuwa, su tambaye mu su rubuta su tafi. Ke me za ki bar mana?" Na ce, "Baba, ba ni da famfo a jaka, ba ni da magani. Abin da na gano a ruwanku ba zan kai Madani ba sai kun fara ganinsa da idonku." Ya ce Allah ya taimaka.

Na zagaya tur'ar na zana taswirar wuraren da mutane ke shiga ruwa. Akwai mashaya inda mata ke ɗiba da jarka, akwai wani dutsen siminti da ake wanki, akwai gindin gada inda samari ke tsalle, sai mashayar jakuna da awaki can ƙasa. Akwai kuma wani sabon wuri kusa da rumfunan iyalan da suka gudo daga garuruwan Damazin da Rusairis bayan rikicin ƙabilanci na watan Yuli. Su ba su da ko randa, kai tsaye suke komai a bakin ruwa.

Ruwan ja wur ne da lakar da damina ta kwaso daga tsaunukan Habasha, kuma katantanwa kaɗan ce ƙwarai. Diktora ta ce kada in damu, sai ruwa ya kwanta ya yi haske ciyawa ta tofo sannan suke yaɗuwa.

Asabar, 15 ga Oktoba

Makonni biyun nan tambayoyi kawai nake yi, gida gida, yawanci da rana tsaka lokacin da mata ke zaune ana shan jabana, wato gahawa. Babu wanda bai san fitsarin jini ba. Abin da ke kawo shi ne aka rarrabu a kai. Wasu sun ce zafin rana ne, wasu sun ce shan gurɓataccen ruwa ne, wani dattijo ya ce alamar yaro ya fara zama namiji ce, shi ma ya yi, ubansa ya yi, ba ta kashe kowa ba. Amma mafi yawa, musamman iyaye mata, sun ce daga tur'a ne. Katantanwa ce kaɗai ba wanda ya ambata.

A bangon ɗakin shan magani na ƙauyen da ke kusa akwai wata tsohuwar takarda da hoton yaro a cikin ruwa an ja masa jan layi, an rubuta da Larabci cewa a guji shiga tur'a. Na karanta wa goggo. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "To mu shiga ina? Wanda ya rubuta wannan ya taɓa kwana a kambo?"

Wannan tambayar ta goggo ita ce za ta zama ƙashin bayan aikina. Mutanen nan ba jahilai ba ne, sun san ruwan na cutar da su, ba su da wani ne. Duk wayar da kan da ya tsaya a "kada ku shiga" zagi ne a fakaice, kuma ba zai rage wa yaro ko ɗaya ciwo ba. Abin da zan nema shi ne: mutumin da dole sai ya yi amfani da ruwan nan, me zai iya canzawa gobe da abin da ke hannunsa?

Asabar, 5 ga Nuwamba

Ruwa ya fara haske, an cire gyaɗa, ana shirin shuka alkama. Katantanwa ta fara bayyana a jikin ciyawa, a ƙarƙashin ganyen da ya ruɓe, har da jikin ledoji da tsummokaran da aka yar a mashaya. Da rariyar ƙarfe mai dogon mariƙi nake kwasowa, in tsince da hantsaki, kowane wuri da robarsa da lambarsa, kuma lokaci ɗaya nake ɓatawa a kowane wuri don lissafin ya yi adalci.

Iri biyu nake nema, dukansu ƙanana ne, ba su kai farcen babban yatsa ba. Bulinus tana da ɗan tsini, in ka riƙe ta tsinin na sama bakin yana kallonka, za ka ga bakin a hagu yake. Ita ke ɗauke da tsargiyar mafitsara, mai sa fitsarin jini. Biomphalaria kuwa a kwance take, a naɗe kamar gammo, ita ke ɗauke da ta hanji, wadda ta fi ɓarna a Jazira don ba ta cika nuna kanta da wuri ba. Sai bayan shekaru hanta ta taurare, saifa ta kumbura, wata rana mutum ya kama aman jini. Akwai ta uku mai baki a dama, wannan ba ruwanta da tsargiya, tsutsar hantar shanu da tumaki take yaɗawa.

Ga yadda abin yake zagayawa, kamar yadda nake so in iya faɗarsa ga yaro ɗan shekara takwas. Mai cutar ya yi fitsari ko bayan gida a ruwa ko a bakinsa, ƙwan tsutsar ya fita tare da shi. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, ɗan abin da ya fito ya nemi katantanwa ya shiga. In bai samu ba cikin sa'o'i kaɗan, ya mutu. In ya samu, zai hayayyafa a cikinta kamar wata guda ko fi, daga nan katantanwar ta riƙa sakin ɗaruruwan 'ya'yan tsutsa kullum, masu wutsiya mai reshe biyu, waɗanda littafi ke kira sarkariya. Su ne ke huda fatar mai wanka ko mai wanki cikin 'yan mintoci, ba sai da rauni ba, ba sai an sha ruwan ba. A cikin jiki su girma su zauna a jijiyoyin jini na mafitsara ko na hanji, shekara uku zuwa biyar ko fiye, suna zuba ƙwai. Ƙwan da ya maƙale a cikin nama shi ke kawo ciwon. Tun 1851 wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya ga tsutsar a Alƙahira, shi ya sa a asibitocin nan bilharziya ake ce mata.

Abu biyu a cikin wannan zagaye suka ba ni fata. Sarkariya ba ta cin abinci a ruwa, in ba ta samu mutum ba cikin kwana biyu ƙarfinta ya ƙare. Kuma ba kowane lokaci take fitowa daidai ba, ta fi yawa daga hantsi zuwa bayan azahar, lokacin da rana ta take.

Asabar, 26 ga Nuwamba

Har yanzu ba katantanwar da ta saki komai. Ina zuba su ɗaya ɗaya a ƙananan kofunan gilashi da ruwa mai tsabta, in ajiye a haske awa biyu, in duba. Wutar lantarki ba ta zama, don haka na daina jiran fitila, a rana nake jera su bayan ɗakin goggo, na kewaye da kara saboda kaji da yara. Ko a wurin da cutar ta yi katutu, ƙalilan ne daga cikin katantanwa ke ɗauke da ita, sai an tara da yawa.

Asabar, 17 ga Disamba

Alhamdu lillahi, ranar Laraba na gani. Wata Bulinus ce daga gindin gada. Na ɗaga kofin na sa baƙin gyalena a bayansa, sai ga wasu ƙananan fararen ɗigo suna rawa a cikin ruwan, su yi sama da sauri su tsaya, su sulalo ƙasa a hankali, su sake zabura. Tsawon kowane bai wuce rabin milimita ba. Na daɗe ina kallo, hannuna na rawa, don a daidai wurin da na kwaso ta na bar yara suna wasan ruwa.

Ban gaya wa kowa ba sai da na kai ɗakin gwaji, domin katantanwa na sakin wasu ire-iren sarkariya na tsuntsaye da kwaɗi da dabbobi waɗanda ba su kama mutum. Mai kula da ɗakin gwajin ya ɗiga musu aidin, muka duba a na'urar hangen ƙananan halittu: wutsiya mai reshe biyu, babu ɗigon ido. Ya ce siffar ta dace da dangin tsargiya, amma in rubuta hakan kawai, tunda akwai ta shanu da ke kama da ta mutane ƙwarai kuma ita ma Bulinus ke ɗauke da ita. Haka na rubuta. Jiya kuma wata Biomphalaria daga dutsen wanki ta saki nata.

Asabar, 7 ga Janairu, 2023

Na so in fara da makarantar firamare, amma yajin aikin malamai ya sa a rufe take. Sai na koma makarantar allo, wadda a nan ake kira halwa, kuma yanzu na ga can ɗin ya fi dacewa, don yaran da suka fi daɗewa a ruwa da yawansu ba su taɓa shiga aji ba.

Bayan karatun safe malam ya sa aka jingine alluna. Na ɗora kofi a kan kujera, rufe da leda an ɗaure bakinsa, na sa baƙin ƙyalle a baya, na ce su zo biyu biyu, hannu a baya. Na farko ya leƙa ya ce ba komai sai ruwa. Na ba shi gilashin ƙara girma. Ya yi shiru, sannan ya ja da baya ya ce, "Malam, wallahi suna motsi!" Daga nan layi ya rikice, sai da malam ya ɗaga murya. Wata yarinya ta tambaya ko su ne ke sa ƙaiƙayi in an fito daga wanka. Na ce sau da yawa su ne, lokacin da suke shiga ke nan. Wani ya ce to in an goge jiki da sauri fa? Na ce gara a goge da a bari, amma kada ya dogara da hakan. Malam da kansa ya cire tabarau ya duba, ya daɗe, ya ce, "Gani ya kori ji." Da muka gama na zuba wa kofin ruwan kulorin a gabansu kafin in zubar a rami.

Maganar da ta fi tsawo da liman muka yi ta, da la'asar a ƙofar masallaci. Na ce, "Allah gafarta Malam, katantanwar nan ba da cutar aka halicce ta ba, mu ke ba ta. Da za a yi wata da watanni ba fitsari ba bayan gida a tur'a, da katantanwa za ta zama katantanwa kawai. Na ji akwai hadisin da ya hana fitsari a ruwa." Ya ce akwai, amma a kan ruwa kwantacce ne wanda ba ya gudu, tur'a kuwa ruwa mai gudu ce. Na roƙe shi ya zo mu je mashaya. Na jefa kara a gefen ciyawa, muka tsaya muna hira, har muka gaji karan bai motsa taku biyu ba. Ƙananan tur'o'in Jazira dama an gina su ne su riƙe ruwa da dare a sake shi da rana, ga laka da ciyawa sun cika su, don haka a gefe ruwan kusan a tsaye yake. Liman ya yi murmushi ya ce ko ba wannan, akwai wani hadisin da ya yi gargaɗi a kan yin bayan gida a mashayar mutane da kan hanya da inuwa. Ya ce zai yi magana ranar Juma'a.

Sai dai shi ma ya mayar mini da irin tambayar goggo. Gidaje nawa ne ke da masai a kambon nan? Kaɗan ne. Ƙasar baƙar laka ce, da rani ta tsage, da damina ta kumbura ta rusa ramin. Kuma mutum ba zai zuba kuɗin siminti a filin da ba shi da takardarsa ba. Wannan ya fi ƙarfin huɗuba, ya fi ƙarfin digirina, amma zai shiga rahotona da manyan baƙaƙe.

Asabar, 28 ga Janairu

Zaman mata a tsakar gidan goggo, ba namiji ko ɗaya. Na kawo kofin, suka gani, sannan muka shiga ainihin maganar.

Dama suna ajiye ruwa ya kwana a randa don laka ta kwanta. Abin da na roƙa ƙari ne kaɗan: ruwan wankan yara da na wanki ya kwana biyu cur kafin a taɓa shi, kuma a tace da ƙyalle lokacin zubawa kada katantanwa ta biyo, don in ta shiga ganga za ta ci gaba da saki a ciki. Hakan na nufin mazubi biyu ko uku ana juyawa, na yau, na jiya, na shekaranjiya. In ana sauri, a tafasa a bar shi ya huce. Ɗiban ruwa kuma a yi shi da sassafe, a tsaya a kan tudu a miƙa guga maimakon a kutsa har gwiwa. Na faɗa musu ƙarara cewa kwana biyun nan maganin tsargiya ne kawai, ba ya kashe abin da ke kawo gudawa da amai, ruwan sha sai an tafasa ko an sa kulorin.

Wata tsohuwa ta katse ni. "'Yar nan, bara masu rigar asibiti sun ce kada mu ajiye ruwa saboda sauro. Yau ke kin ce mu ajiye. Wa za mu bi?" Gaskiyarta, ga shi ana ta labarin zazzaɓin dengi a Kurdufan da wasu jihohi tun kaka, kuma sauron da ke kawo shi a cikin randa da ganga yake ƙwai. Na ce, "Inna, ku bi mu duka biyu. Sauro na bukatar kamar mako guda daga ƙwai zuwa tashi. Ruwan kwana biyu a rufe ba zai ishe shi ba. A rufe bakin da murfi ko ƙyalle a ɗaure, in an juye a goge cikin da soso don ƙwan a jikin bango yake mannewa." Ta ce to wannan magana ce. Raina ya sosu da na ga yadda kowane mai wayar da kai ke zuwa da cutarsa ɗaya a hannu, ya bar mace ɗaya da randa ɗaya ta sasanta umarnin da ke karo da juna.

Da aka watse, wata matashiya ta tsaya tana taya ni naɗe tabarma. A hankali ta ce, "Yaya, ita cutar nan tana taɓa mata ta wani wajen?" Na ce tana taɓawa. Ƙwan kan maƙale a mahaifa da hanyarta, ya kawo ciwon mara, zubar jini ba lokacin al'ada ba, ƙaiƙayi, wani lokaci har wahalar samun ciki, kuma sau da yawa akan ɗauka ciwon sanyi ne a yi ta shan maganin da ba nasa ba, a yi ta zargin mace a banza. Na ce ba zan iya ce mata abin da ke damunta ba, amma in ta je asibiti ta faɗa da bakinta cewa a tur'a take wanka tun tana yarinya, ta nemi a duba bilharziya. Goggo ta yi alkawarin raka ta.

Asabar, 11 ga Fabrairu

Ranar Talata wani ɗan halwa ya tare ni a hanya, fuska cike da murna, ya buɗe tafin hannu. Katantanwa ce jiƙe, ya tsinto mini don ya taimaka. Na karɓa da hantsaki, na wanke masa hannu da sabulu na goge, na yi masa godiya, sannan muka koma wurin malam tare. Yanzu doka ta farko a kowane zama ita ce: wanda ya ga katantanwa ya nuna da kara, ya faɗi wurin, kada ya taɓa. Yaran sun fi ni sanin tur'ar, sun nuna mini wani lungu bayan bututun gada da ban taɓa dubawa ba, kuma ya fi ko'ina yawan Biomphalaria.

Masu ban ruwa su ne ban samo wa amsa mai gamsarwa ba. Mutum zai wuni a abu sitta da fartanya, ruwa har ƙwauri, yana buɗe wa alkama hanya. Ba zai jira kwana biyu ba, ba zai zaɓi sa'a ba. Dogon takalmi ne kariyarsa, shi kuwa da tsada, ga zafi, ga laka na riƙe shi. Su dai maganin shekara shekara ne zai tsare musu hanta.

A cikinsu na haɗu da wani dattijo da ya yi aikin feshin tur'a a zamanin shirin lafiya na Bahar Azrak, wanda aka fara a 1979 tare da Hukumar Lafiya ta Duniya aka yi shekara goma ana yi. Ya ba ni labarin yadda suke zuba maganin katantanwa a mashaya, kifi ya taso ya mutu tare da ita, ana raba ƙwayoyi ƙauye ƙauye, ana haƙa masai ana kafa famfo. A lokacin cutar ta sauko daga sama da rabin mutane zuwa ƙasa da ɗaya cikin goma a wuraren da aikin ya kai. Da kuɗin ya ƙare aka naɗe komai, ta dawo. Ya ce, "Mun kashe katantanwa, 'yata, amma ruwan Sinnar kullum sabuwa yake kawowa."

Asabar, 11 ga Maris

Na kai wa ofishin lafiya na ƙaramar hukuma taswirar da sakamakon katantanwa, bayan na fara nuna wa shehu da liman kamar yadda na yi alkawari. Jami'in ya karɓe ni da kyau, ya ce zai sa kambon a jerin wuraren rabon maganin tsargiya, wato firazikwantel, na gaba.

Maganin da tsayin mutum ake auna shi, a jingina yaro da sandar awo a ga ƙwaya nawa zai sha. Yana da ɗaci, kuma sai an ci abinci, in ba haka ba ya sa jiri da murɗar ciki, wanda hakan ne ya sa wasu iyaye suka hana 'ya'yansu a rabon baya. Yana kashe manyan tsutsotsi, amma ba ya hana sabon kamu, yaron da ya sha yau ya koma gindin gada gobe ya sake ɗauka. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ta ce inda cutar ta kai kashi 10 cikin ɗari, a ba kowa daga ɗan shekara biyu zuwa sama sau ɗaya a shekara, har da masu shayarwa da masu juna biyu da suka wuce wata uku. Amma rabon da aka saba a makarantun boko ake yinsa, don haka ɗan halwa, yarinya mai cirar auduga, mai ban ruwa da 'yan gudun hijira duk a waje suke. Ni da matasa biyu na kambon mun bi gida gida mun rubuta adadin mutanen kowane gida da waɗanda ba su zuwa makaranta, ba tare da tambayar kowa ciwonsa ba. Shehu ne zai miƙa takardar da hannunsa, don tasu ce.

Laraba, 22 ga Maris

Gobe za a tashi da azumi in Allah ya yarda. Na sake zagaya gidajen da na fara da su a Oktoba da tambayoyi iri ɗaya. Yanzu kusan kowa na ambaton katantanwa, yara har suna bambance mai tsini da naɗaɗɗiya. Ajiye ruwa kwana biyu ya kama a gidajen da ke da ganga fiye da ɗaya. A rumfunan 'yan Damazin bai kama ba sam, jarka ɗaya ce ake sha a cikinta a yi wanka da ita. Matan kambo sun fara adashi don sayen ganga mai murfi, goggo ce uwar adashi, kuma sun yarda zagayen farko na masu rumfa ne. Wanki har yanzu a kan dutsen siminti ake yinsa, sai dai wasu sun dawo da shi bayan asuba.

Gindin gada ne ke hana ni barci. Zafi ya shigo, an fara rage ruwa tunda alkama ta nuna, katantanwa ta taru a ɗan abin da ya rage, kuma na san al'adar samari da azumi: da azahar za su faɗa ruwa su jiƙa jiki har la'asar, daidai lokacin da sarkariya ta fi yawa. Liman ya ce zai faɗa a wurin tafsiri cewa mai son sanyaya jiki ya yi da ruwan ganga a gida. Mijin goggo ya ba da tsohuwar gangarsa a ajiye a inuwar masallaci saboda haka, matasan nan biyu za su riƙa cika ta da jaki suna rubuta ranar da aka zuba a jikinta da gawayi. Na kuma roƙi jami'in lafiya, in rabon magani ya faɗo cikin azumi, a yi shi bayan buɗa baki.

Saura mini kwasar katantanwa ta watan Afrilu kafin a rufe ruwa, da babi na huɗu da diktora ke jira bayan Sallah. Ana bukatar ganga ta biyu a masallaci kafin juyin kwana biyun ya yiwu, Asabar zan je kasuwar Sinnar in tambayi kuɗinta.